Tsibirin Cramond: a gyara allo da kankare, a bar hanya a buɗe

Duk sanda jirgin ceto ya fita ya kwaso mutanen da ruwa ya rutsa da su a tsibirin Cramond, akan ji maganganu iri biyu. Masu zafin rai su ce a rufe hanyar kowa ya huta. Masu lissafi su ce a bar ta, amma duk wanda aka ceto a miƙa masa takardar kuɗin mai da na wahalar ma'aikata, gobe ba zai ƙara ba. Ban yarda da ko ɗaya ba. A ganina yawancin waɗanda ke maƙalewa a wurin ba masu taurin kai ba ne, mutane ne da aka ba su bayani a inda ba su bukatarsa, aka hana su shi a inda suke bukata. Kuma yayin da ake ta musu a kan ruwa, tsatsa na can tana cin gine-ginen yaƙin da suka sa ake zuwa tsibirin tun farko.

Tsibirin yana cikin mashigin Forth, inda kogin Forth ya buɗe baki ya haɗu da Tekun Arewa, a gefen birnin Edinbura na ƙasar Sikotland. Ƙarami ne, eka 19 kacal, tsawonsa rabin kilomita da 'yan kai. Ba mai kwana a kansa. Ba famfo, ba banɗaki, ba shago. Yana cikin gandun Dalmeny na zuriyar Rosebery, amma dokar filaye ta Sikotland ta 2003 ta ba jama'a damar shiga mafi yawan filayen ƙasar da ƙafa, muddin za su kiyaye haƙƙin wuri da na mai shi. Tsakaninsa da gaɓar Cramond akwai tazarar kusan mil 1, kuma idan teku ta janye sai wata hanyar kankare ta bayyana a kan yashin da ake kira Drum Sands, jerin ginshiƙai masu kama da haƙora suna raka ta har bakin tsibirin. Idan teku ta dawo hanyar ta ɓace, sai kawunan ginshiƙan kawai ake hange.

Mu da muka saba da kogi da tafki, ruwa a wurinmu shekara yake bi, ya cika da damina ya ja baya da rani. Teku kuwa sau biyu take yin daminarta da raninta a kwana ɗaya. Daga janyewa zuwa janyewa ta gaba awa 12 ne da minti 25 a matsakaici, shi ya sa lokacin yake ja baya da kamar minti 50 kowace rana. Wanda abokinsa ya ce masa "jiya ƙarfe ɗaya muka tsallaka lafiya lau" bai samu labarin yau ba. Bayan kwana uku bambancin ya kai awa biyu da rabi. Bayan mako guda, sa'ar da hanya take a bushe ta zama sa'ar da ruwa ya fi zurfi a kanta.

Girman cikar ma ba ɗaya ba ne, kuma a nan mai bin kwanan wata ya fi mai kallon kalandar bango fahimta. Wata ne ke jan teku, rana na taya shi. Idan sun daidaita a layi ɗaya, wato farkon wata da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu, sai a samu babbar cika. Wajen 8 ga wata da 23 ga wata kuma ƙaramar cika ake yi. A tashar jiragen ruwa ta Leith, wadda ita ce ma'aunin wannan yanki, tazarar da ke tsakanin janyewa da cika takan kai mita 4.8 a babbar cika, a ƙarama kuma kamar mita 2.4. Babbar cika ita ce mai yaudara. Ruwa yakan janye da nisa, yashi ya buɗe fetal har mutum ya ɗauka tekun ta tafi ke nan, alhali a ranar ne za ta dawo da gudu ninki biyu, domin a cikin awa shidan nan dole ta cike ninki biyu na abin da take cikewa a ƙaramar cika.

Ma'aikatan jirgin ruwa suna da wani lissafin kai da ya kamata duk mai zuwa Cramond ya sani. A raba tsayin cikar kashi 12. Awa ta farko bayan janyewa ruwa zai hau kashi 1, awa ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar kashi 2, ta shida kashi 1. A ranar mita 4.8, awa ta farko santimita 40 ce kawai, kuma a can nesa take faruwa inda ba mai lura. Awa ta biyu santimita 80. Awa ta uku mita 1.2, wato santimita 2 a kowane minti. Santimita 2 ba ta da ban tsoro a baki. Amma a ɗauki fili mai gangaren da sai an yi tafiyar mita 500 kafin ƙasa ta hau mita 1: a irin wannan shimfiɗa, santimita 2 na nufin ruwa ya cinye mita 10 na yashi a minti ɗaya. Kuma ba ta gaba yake zuwa kamar bango ba. Kwari da magudanai yake fara bi, ciki har da hanyar kogin Almond da ke faɗawa teku a daidai bakin hanyar, ya zagayo ta baya da ta gefe. Mutum na tsaye a busasshen wuri, wurin da zai taka nan da minti goma ya riga ya nutse.

Daga wannan lissafi aka fitar da shawarar da masu ceto ke bayarwa, cewa a tsallaka a cikin awa biyu kafin janyewa da awa biyu bayanta. Awa huɗu ke nan a takarda. A ce janyewar yau ƙarfe 1:00 na rana ce. Hanya ta buɗe 11:00, ta rufe 3:00. To amma 3:00 ɗin nan lokacin da ya kamata ƙafarka ta riga ta taka gaɓa ne, ba lokacin barin tsibiri ba. Tafiyar takan ci minti 20 zuwa 30 ga babba mai lafiya, kuma kankaren yana da santsin gansakuka da ramuka masu riƙe ruwa, da yara ko tsoho sai a ƙara. Saboda haka 2:30 ne ƙarshen barin bakin tsibirin. Wanda kuma yake can ƙuryar arewa, inda yawancin gine-ginen yaƙin suke, sai ya sake cire kamar kwata, ya tashi 2:15. Ga wanda ya iso bakin hanya ƙarfe 1:30 yana murna cewa allo ya ce akwai sauran awa ɗaya da rabi, abin da ya rage masa na zama a tsibirin kamar rabin awa ne kawai.

A nan kuskuren yake faruwa, kuma kuskure ne na lissafi, ba na hali ba. Mai ziyara ya karanta allon da ke bakin hanya sau ɗaya, yana cikin ɗoki, ya riƙe lamba ɗaya a kai. Ya tsallaka, ya hau tudu, ya bi ta cikin bishiyoyi ya sauka arewa. Daga can ba a ganin hanyar. Abin da ake gani shi ne buɗaɗɗen ruwa da sauran tsibirai, kuma ruwan da ke wajen bai nuna wani canji da baƙo zai gane ba. Wanda ya duba jadawalin cika a intanet ma bai tsira ba, domin wasu jadawalai da agogon GMT ake buga su duk shekara, alhali daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogon Birtaniya yana gaba da awa ɗaya. Sannan jadawali hasashe ne da aka gina a kan tafiyar wata da rana, bai san da yanayin ranar ba. Idan nauyin iska ya faɗi, teku takan ɗaga da kamar santimita 1 a kan kowane miliba 1 na ma'aunin nauyin iskar, kuma iska mai ƙarfi daga gabas tana tura ruwa cikin mashigin. A irin wannan rana hanya kan rufe kafin lokacin da aka rubuta.

Maƙalewa a tsibirin ita kanta ba ta kisa. Tsibirin ba ya nutsewa. Abin da ke jiran mutum shi ne dogon zama: hanyar da ta rufe 3:00 na yamma ba za ta sake buɗewa ba sai wajen 11:30 na dare, awa takwas da rabi, ba ruwan sha, ba abin rufa, kuma a watan Disamba rana na faɗuwa a Edinbura kafin ƙarfe 4:00. Haɗarin gaske yana kan wanda ya iso bakin tsibiri ya ga ruwa iya idon sawu a kan hanya ya ce bari ya ruga. Tafiyar mil guda ce. Kafin ya kai tsakiya ruwan ya kai gwiwa, gefen kankaren ya ɓace masa, igiyar ruwa na ratsawa ta tsakanin ginshiƙai tana tura shi. Ruwan mashigin Forth da ƙyar yake kai digiri 15 a ma'aunin Selshiyos ko a tsakiyar bazararsu, a ƙarshen hunturu kuwa yakan sauka wajen digiri 6 ko 7. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa ba shiri, numfashi ne ke fara ƙwace masa, ya ja iska ba da sonsa ba, ya shaƙi ruwa, tun kafin sanyin ya shiga jikinsa. Gwanin iyo ma haka take same shi. An ce iya ruwa fidda kai, amma a nan fidda kai shi ne kada a shiga. Shawarar masu ceto ba ta canzawa: a koma tsibiri, a kira 999, a nemi masu tsaron gaɓar teku, waɗanda ake kira Coastguard.

Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin tara za ta ɓata fiye da yadda za ta gyara. Mutumin da ke tsaye a bakin ruwa da iyalinsa yana auna abu biyu ne, kunyar kiran agaji da tsoron ruwa. Kunyar kaɗai ta isa ta sa wasu su gwada sa'arsu. Idan aka ɗora mata takardar biyan kuɗi, an ƙara nauyi ne a ɓangaren da ke tura mutum cikin ruwa. Ɗalibi baƙo da ke ƙirga kuɗin haya, ko ɗan yawon buɗe ido da bai san iyakar abin da za a caje shi ba, zai tuɓe takalmi. Wani kuma zai jira, ya ƙi kira har dare ya yi, batirin waya ya mutu da sanyi, yaro ya fara rawar ɗari. Aikin da zai kasance ɗaukar mutane huɗu daga busasshen dutse da rana tsaka sai ya koma neman mutum a cikin ruwa da duhu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ƙungiyar jiragen ceto ta RNLI, wadda aka kafa a 1824, da gudummawar jama'a take aiki, kuma ba ta karɓar kuɗi daga wanda ta ceta. Tasharta mafi kusa tana Queensferry, a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ta Forth, kuma 'yan sa-kai ne ke barin aikinsu da barcinsu su shiga jirgin. Masu kiran tara suna da gaskiya a abu guda: lokacin waɗannan mutane ba na banza ba ne, kuma jirgin da ya tafi Cramond ba ya nan idan wani ya kife a wani wuri. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai maganinsa rage yawan masu maƙalewa ne, ba rage yawan masu kira ba, kuma tara na biyun take yi.

Abin da ke rage masu maƙalewa ba shi da tsada. Lambar da ta fi muhimmanci a duk harkar nan ita ce "ƙarfe nawa zan bar tsibiri", kuma wurin da ya dace a gan ta shi ne kan tsibirin: a bakin hanya ta can, da kuma arewa inda mutane ke mantuwa. Lamba ɗaya ta yau, da manyan haruffa, wadda aka riga aka cire mata lokacin tafiya, ba jadawalin wata guda da sai mutum ya bi layi da yatsa ya nemo kwanan wata ba. Allo mai aiki da hasken rana zai iya yin wannan, idan kuma aka haɗa shi da ma'aunin ruwa na gaske a kan hanyar, ya magance matsalar iska da nauyinta da jadawali ba ya gani. Ba sabon tunani ba ne. A tsibirin Sully da ke kudancin Wales, inda cikar teku ta fi ta Forth nesa ba kusa ba, RNLI ta taɓa kafa fitila irin ta danja a bakin mashigar. Kowa ya san ma'anar ja, ko daga wace ƙasa ya fito, kuma Edinbura gari ne da baƙi daga ko'ina ke cika shi, musamman a watan Agusta. A ranakun hutu masu rana da janyewar ta faɗo tsakar yini, waɗanda tun farkon shekara za a iya fitar da su daga jadawali, mutum biyu da rigar aiki, ɗaya a kowane baki, sun fi allo goma.

Wasu kan kawo misalin Lindisfarne a arewa maso gabashin Ingila, inda aka kafa ɗakin tsira a kan dogayen ƙafafu a tsakiyar hanya, ko hanyar Gois ta Faransa mai tsawon fiye da kilomita 4 da ke da turakun hawa jefi-jefi. A can suna da amfani, domin hanyoyin mota ne masu tsawo, kuma mutane na zaune a ƙarshensu. A Cramond ina tsoron hasumiya a tsakiyar hanya za ta zama gayyata, mutum ya ce ko ban kai gaɓa ba ai zan kai hasumiya. Wurin tsira yana nan tuntuni, shi ne tsibirin. Abin da ya rasa shi ne inda za a fake wa iska da ruwan sama, da alamar da ke cewa "tsaya nan, ka kira, kada ka shiga ruwa". Masu cewa a ɗaga hanyar ta zama gada kuwa sun manta cewa tun 2001 yashi da lakar mashigin Forth suke cikin wuraren da doka ta keɓe saboda tsuntsayen da ke cin abinci a kansu da hunturu. Kuma ranar da aka iya zuwa Cramond a kowane lokaci, ya tashi daga tsibiri ya zama unguwa.

Rufewa fa? Shinge a bakin hanya ba zai rufe yashin da ke shimfiɗe hagu da dama ba. Zai kori masu bin doka, ya tura marasa bin ta daga kankare zuwa laka da magudanar kogi, inda ya fi haɗari. Kuma zai raba jama'a da wurin da ke karantar da tarihi ba tare da tikiti ba.

Domin ginshiƙan nan ba ado ba ne. Can sama da gadar Forth, wadda aka buɗe a 1890, akwai Rosyth, inda a zamanin yaƙe-yaƙen duniya Birtaniya take da sansani da ma'aikatar gyaran jiragen yaƙinta, kuma duk wanda ke son kai wa Rosyth hari ta ruwa sai ya ratsa tsakanin tsibiran mashigin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka fara girke igwa a Cramond. A wannan mashigi ne rundunar jiragen ruwan Jamus ta miƙa wuya ranar 21 ga Nuwamba 1918. Da yaƙi na biyu ya ɓarke, makonnin farko suka nuna cewa tsoron ba na banza ba ne. Ranar 14 ga Oktoba 1939 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-47 ya saɗaɗa ta wata kafa da aka ɗauka a toshe take a Scapa Flow, sansanin jiragen yaƙin Birtaniya da ke can arewa, ya nutsar da jirgin yaƙi Royal Oak da mutum fiye da 800. Bayan kwana biyu, 16 ga Oktoba, jiragen saman Jamus suka kai hari kan jiragen ruwan da ke kusa da gadar Forth, harinsu na farko ta sama a kan Birtaniya a wannan yaƙi. A watan Nuwamba kuma nakiyar ruwa ta tashi da jirgin Belfast a cikin mashigin, ta karya masa gadon baya, ya yi shekaru a wurin gyara.

Darasin Scapa Flow shi ne ba a barin kafa ko ƙarama. Daga arewacin Cramond an ja raga da shingen ruwa zuwa tsibirin Inchcolm, zuwa gaɓar Fife da ke tsallaken mashigin. Amma ta kudu, tsakanin Cramond da gaɓa, akwai mil gudan nan da ke cika da ruwa sau biyu a rana. Sau da yawa akan ji ana cewa don jiragen ƙarƙashin ruwa aka yi ginshiƙan. Ba haka ba ne, ruwan wurin bai kai zurfin da za su bi ba. Don ƙananan jirage masu gudu aka yi su, masu ɗauke da makamin fasa jirgi, waɗanda za su iya bi ta kan yashi lokacin cika su kewaye ragar. Wanda ya duba jikin ginshiƙan zai ga kwarmin da ake zura allunan kankare a ciki don toshe tsakaninsu. A kan tudun da ke bakin tsibirin ta kudu akwai mazaunin igwa mai bakin milimita 75 da ɗakin fitilar da ke haska mata shingen da dare. A arewa akwai mazaunan igwa, ɗakunan fitila, rumbunan ajiya, ɗakunan injin wuta, da ragowar tubalan da barikin sojoji ya zauna a kansu. Mutum zai iya tsayawa wuri guda ya karanta dabarar tsaron gaba ɗaya da idonsa, ga raga, ga igwa, ga gada a hange. A Inchcolm ma akwai irin waɗannan gine-gine, amma sai an biya jirgi an biya shiga. Cramond ƙafa kawai yake nema.

Kafin sojoji ma wurin ba kufai ba ne. An yi noma da kiwon tumaki a tsibirin, kangon gidan gonar yana nan cikin bishiyoyi. A gaɓar da ke fuskantarsa Rumawa sun gina sansani wajen shekara ta 140 bayan haihuwar Annabi Isa, kuma a 1997 aka ciro mutum-mutumin zakanya na dutse na zamaninsu daga lakar kogin Almond.

To waɗannan gine-gine su ne ke mutuwa a hankali, kuma duk magini ya san ciwon. Kankare mai rodi yana da ƙarfi muddin rodin na kwance cikin siminti mai lafiya, domin simintin ne ke hana shi tsatsa. Gishirin teku yana ratsa ƙananan kofofin kankaren shekara da shekaru har ya isa ga ƙarfen. Irin iskar da muke fitarwa wajen numfashi ma tana shiga ta rage wa simintin ƙarfin kariyarsa. Da tsatsa ta kama, sai ta kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci sau da yawa, ta tsaga kankaren daga ciki. Farko jan zane ne a bango, sai tsaga mai bin layin rodi, sai ɓawo ya ɓalle ya faɗo, ƙarfe ya fito tsirara. Ruwan sama ya shiga tsagar, ya daskare da hunturu, ya buɗe ta. Saiwar ƙaya da ƙananan bishiyoyi ta bi ta ƙarasa. A ginin bakin teku na zamani akan bar kaurin kankare santimita 5 ko fiye a kan rodi. Ginin gaggawa na lokacin yaƙi ba don ya yi shekara 80 aka zuba shi ba. Ginshiƙan hanya kuwa su suka fi shan wuya, domin jiƙa da bushewa sau biyu a rana shi ne mafi munin yanayi ga rodi, ya fi zama cikin ruwa dindindin.

Fenti da rubuce-rubucen da matasa suka cika bangon da su ne ke fara ɗaukar ido, kuma su ake yawan kuka da su. Ni ba su ne damuwata ta farko ba. Fenti ba ya rushe gini, kuma goge shi da yashi mai ƙarfi ko ruwa mai matsi yakan kankare fatar kankaren, ya share alamun katakon da aka zuba shi a ciki, ya buɗe wa gishiri ƙofa. Wutar da ake hurawa a cikin ɗakunan ta fi ɓarna. Zafi yana mai da damshin da ke cikin kankare tururi, ya fasa rufin daga ciki, kuma rufin ne ke kan mutane.

Gine-ginen suna cikin rajistar kayan tarihin da hukumar Historic Environment Scotland ke riƙe da ita. Amma dokar 1979 da ke bayan wannan rajista hana ɓarna take yi da hana taɓawa ba izini, ba ta tilasta wa mai wuri ya gyara. Gini zai iya rushewa a kan idon doka ba wanda ya yi laifi. Mai ƙasa daban, hukumar birni daban, hukumar tarihi daban, masu ceto daban, kowa da iyakar hurumminsa. Abin da nake nema daga gare su ba gyaran da zai mai da wurin sabo ba ne, da fenti da gumakan sojoji. Aiki ne na tsayar da ciwo, kuma yana da tsari. A fara da auna kowane gini da ɗaukar hotonsa dalla-dalla, don ko ya faɗi a san yadda yake. A bi rufi da bango da guduma, inda ya yi ƙarar holoƙo a san ɓawo ya rabu da ƙarfe, a sauke shi da hannu kafin ya sauko da kansa. A sare bishiyoyin da suka kafa saiwa a rufi, a yanke su a gindi maimakon tumɓukewa, don tumɓukewa da kankare take fitowa. A buɗe magudanan rufin da ƙasa ta toshe. Inda za a yi faci, a fasa har bayan rodin, a goge tsatsar, sannan a cike. Kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗuwa: sabon faci a jikin tsohon kankare mai gishiri yakan sa tsatsa ta koma gefen facin ta ci da sauri fiye da da, shi ya sa ake binne 'yan guntayen ƙarfen zinki a gefen, su tsatsar ta ci maimakon rodin. Kayan aiki kuma dole su bi lokacin teku, awa huɗu a shiga a fita, ko a kawo su ta jirgi, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa kuɗin aikin ya fi na kan tudu.

Ba duka za a ceta ba. Ginshiƙan suna da yawa, kuma teku za ta ci wasu ko an ƙi ko an so. A zaɓi jere guda kusa da tsibirin da kwarminsa bai lalace ba a kula da shi, sauran a riƙa duba su duk shekara saboda masu wucewa ta gindinsu. Cikin gine-ginen kuwa, wanda ya kamata a fara da shi shi ne na kan tudun kudu, mai kallon hanya. A tabbatar rufinsa ba zai zubo ba, a share kwalabe da toka, a sa benci, a kafa allon lokacin tashi a jikin turke a gefensa, a rubuta lambar kira da sunan wurin yadda mai waya zai faɗa wa masu ceto inda yake ba kame-kame. Daga nan ne aka tsara sojoji su riƙa kallon shingen da dare, saboda haka daga nan ake ganin hanyar tun daga bakin tsibiri har gaɓa, kuma wanda ya makara zai ga da idonsa iyakar inda ruwa ya kai kafin ya yanke shawarar tuɓe takalmi.